Uwar Tawaye

Ni ban yi boko ba, ban yi allo ba. Abin da kuke gani a takardar nan baki ne aka zuba masa tawada. Amma kada wani ya raina ni don haka, domin a ƙasar Gwarzo, daga Kara har Sabon Birni, in ana neman wadda za ta buɗe baki mata su ajiye taɓarya, ni ce. Sai dai wannan da zan ba ku ba na nishaɗi ba ne. Labarin 'ya'yana biyu ne, da shekarun da na yi ina tsoron kada a raba min su.

Mu Maguzawa ne tun kaka da kakanni. Hausawa ne kamar kowa, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sai dai iyayenmu ba su yi salla ba, suna da abin da suke yanka wa kaza a gindin tsamiya. Uwata daga wajen Katsina aka auro ta, shi ya sa bakina ya ɗan karkata can. Abin da Bakano zai ce tagwaye, mu a ɗakinmu tawaye muke cewa.

Haihuwata ta fari na sauke maza biyu. Ba zan kira sunansu ba, 'ya'yan fari ne, bakina bai saba ba. Zan ce Babba da Ƙarami, ko da yake abin da ke tsakaninsu bai kai ruwan wanka ya tafasa ba. Daga ranar sunana ya ɓace, kowa sai Uwar Tawaye. A wurinmu 'yan biyu ba yara ba ne kamar sauran yara. Ana jin tsoronsu, ana cewa in ka ɓata wa ɗaya rai sai ya turo maka kunama. Dokarsu kuwa guda ce: abin da aka yi wa ɗaya, sai an yi wa ɗayan. Riga biyu, akushi biyu, aski rana ɗaya. In ɗaya ya yi ɓarna na ɗaga hannu, sai na ɗan taɓa ɗayan ko bai yi komai ba, shi ma ya yi kukan ƙarya mu rabu lafiya. Daga baya na bar tsoron kunama. Dokar ce ban bari ba, ta riga ta shiga ƙashina.

Aka shiga shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, 'yan boko suna ce masa ostariti. Mu ba mu da aljihun tsukewa, ciki muka tsuke. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta fid da kai ba, takin zamani sai dai ka ji shi a rediyo. Sabulu ya zama abin layi, soja na tsaye da bulala. Na koma wanki da ruwan toka kamar zamanin uwata. Sana'ata a lokacin dafa giya, kuma ba yabon kai ba, daga Gammo ake takowa don a sha tawa. To amma giya da dawa ake yin ta, ga shi ta tuwo ma ta gagara.

Cikin wannan ƙuncin babansu ya shiga coci. Wani mai bishara ne ya zo ya zauna a ƙauyenmu, mutumin kudancin Zariya, muna ce masa Malam. Da hannunsa ya kwaɓa ƙasa ya gina ɗakin sujada, kujerun ma na ƙasa. Maigida ya yi ta zuwa shi kaɗai, har wata Lahadi ya ce in taho da yaran. A lokacin sun fara riƙe fartanya sosai, muryarsu ta soma fashewa. Na ce to, bari in je in ga abin da ya ɗauke wa mijina hankali.

Hausar Malam Hausar kudu ce. Kalmomin duk suna nan, amma ba ya jan abin da ake ja, ba ya sauke abin da ake saukewa. Ya buɗe littafinsa ya karanta, sannan ya shiga bayani. Ya ce sarakunan duniya sun haɗa kai suna ƙulla yadda za su tsinke igiyar Allah daga wuyansu, shi kuwa Allah yana zaune a sama yana musu dariya, don ya riga ya naɗa nasa Sarkin a kan kowace al'umma. Wannan ya yi min daɗi, domin ba a daɗe ba na ga soja ya zane wata tsohuwa a layin sabulu a Gwarzo, na ce ashe akwai wanda ke sama da mai bulala. Ina cikin gyaɗa kai sai Malam ya ɗaga yatsa.

"Masu tawaye, ku ji da kyau! Duk al'ummar da ke da tawaye a cikinta, duk gidan da ke da tawaye, ranar na zuwa da za a bi su da sandan ƙarfe, a farfasa su kamar tukunya."

Na duba dama, na duba hagu. Duk ƙauyen nan gida ɗaya ne ke da tawaye. Ba wanda ya waiwayo ya dube ni, sai na ɗauka kunyata suke ji. Na miƙe, na kama wuyan hannun Babba, na kama na Ƙarami, na ja su muka fita ta tsakiyar mutane. Ban yi gudu ba, ni ba a kora ta da gudu. Da maigida ya dawo ya tambaye ni, na ce kada ya ƙara yi min zancen wurin nan, kuma ƙafar yarana ba za ta sake taka shi ba. Ya yi juyin duniya in faɗi dalili, na ƙi. A ganina ya ji da kunnensa, kuma ya zauna.

Bayan 'yan kwanaki Malam ya yi sallama da hantsi, ina sussukar 'yar dawar da muka samu, maigida na bayan ɗaki yana gyaran rumbu. Na amsa gaisuwa har ƙarshe, gida da gajiya da iyali, don ko maƙiyi ba a hana shi gaisuwa. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Uwargida, me na yi miki?"

"Ni ba ka yi min komai ba. Ka dai faɗa min abin da 'ya'yana suka yi wa Allahnku. Ni na roƙe shi biyu? Shi ya zuba su. Yanzu kuma zai bi su da sandan ƙarfe?"

Malam bai gane ba. Maigida ne ya leƙo daga bayan rumbu, hannu duk laka, ya ce, "Malam, ai ita 'yan biyu take ji. Tawaye."

Mutumin nan ya ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo ni! Ba su ba, Uwargida, ba su ba! Tawaye nake nufi, na wanda ya juya wa sarki baya ya ce ba zai bi ba."

Na ce, "To ai sai ka ja shi. Na sarki jan sa ake yi, taa-waa-ye. Namu gajere ne."

"Na ji. Zan ja."

Bai yi dariya ba. Da ya yi, da har yau ba ku same ni a coci ba. Na tura masa tabarma, na ce to su waye masu wannan tawayen da ake ja. Ya ce duk wanda ya ce wa Allah sauka daga wuyana. Sarakuna na yi, talakawa na yi, kakanninsa sun yi, shi kansa ya yi. Na ce shi wannan Sarkin me ake yanka masa in ana son abu. Ya ce ba a yanka komai, an riga an yi yankan sau ɗaya, Yesu Almasihu ne ya ba da kansa. Ke dai ki yi magana, in ji shi.

"In na yi magana dole ya yi?"

"A'a. Amma Uba ne, yana ji."

Na ce, "To ka gaya masa ni uwar biyu ce. Ba na roƙa wa ɗaya abin da ban roƙa wa ɗayan ba."

Ya ce, "Ki gaya masa da kanki."

Haka na shiga. Na kife tukwanen giya, aka yi mana baftisma ni da yaran. Ba a daɗe ba na zama mai ba da waƙa a zumuntar mata, kuma in aka yi addu'a, amin ɗina ne ke fara fita, shi ne ke rufewa. Har tsokanata ake yi, wai in ban ce amin ba addu'ar ba ta wuce jinka ba.

Yunwa dai ba ta san an yi baftisma ba. Gonar ba ta iya riƙe mu duka, sai maigida ya ba da Ƙarami ga wani Alhaji mai sayar da hatsi a Kabo, ya riƙa yi masa awo yana ci a gidansa. Wannan ne karo na farko da aka yi wa ɗaya abin da ba a yi wa ɗayan ba. Na yi kuka, aka ce in yi haƙuri, kafin kaka biyu zai dawo. Ba ni da abin faɗa a kan Alhajin nan sai alheri. Ya ciyar da ɗana, ya tufatar da shi, ya koya masa ciniki, daga baya har ya aura masa 'yar ƙanensa. Amma yaron da ya tafi ba shi ya dawo ba. Ran nan ya zo ganin gida, rana ta yi tsaka, ya ce, "Inna, zan ɗan fita in yi salla." Babansu ya sunkuyar da kai. Babba ya ture akushinsa ya tashi. Tun daga ranar suka daina cin abinci wuri ɗaya.

Na shiga roƙo. Na roƙi Allah ya dawo min da shi coci, da safe in roƙa, a gona in roƙa, a bakin rijiya in roƙa. Kuma saboda doka, duk abin da na roƙa masa sai na roƙa wa Babba, har Babba ya ce, "Inna, ni ina na tafi da kike roƙo in dawo?" Na ce kai dai yi shiru, ba da kai nake magana ba. Shekaru suka yi ta wucewa, Ƙarami ya haifi 'ya'ya, ya tara gemu, bai dawo ba. Na yi fushi da Allah, na kuma gaya masa. A gidan ubana in ka yanka jan zakara inda aka ce jan zakara, abin nan na gindin tsamiya dole ya biya maka bukata, in bai biya ba ka canza wani. Nan kuwa ba wanda zan canza. A hankali na gane addu'a ba tsafi ba ce. Kana tsugune ne gaban wanda ba ya tsoron fushinka, kuma ba ya korarka saboda shi.

Sai ga shekarar Shari'a. Da fari a rediyo muke ji, sannan muka fara ji a kasuwa. Maƙwabtanmu Musulmi suna murna, suna cewa yanzu za a yi adalci, mai kuɗi ba zai ƙara danne talaka ba, kuma ni ban ga laifinsu ba, don su ma sun sha wuya kamar kowa. Amma mu ba mu san inda za ta ajiye mu ba. Wasu samari suka zo daga wani gari suka farfasa tukwanen dangina da ba su bar giya ba. Aka fara jin labarin kashe-kashe daga garuruwan kudu, coci ya ƙone, masallaci ya ƙone, ana kwaso gawa a mota. Ƙanen matar Babba yana aikin gini a can. Ba a ga ko gawarsa ba. Mutanen da muka yi shekaru muna aron turmi da su, sai gaisuwa ta gajarta.

A lokacin Malam ya tsufa, ido ya tafi, Babba ne dattijon ikilisiya mai ja gaba. Ya kira azumi da addu'a. Ranar rufewa ɗakin sujada ya cika har waje. Ya buɗe wurin nan dai na sarakuna da sandan ƙarfe, ya karanta, kuma ɗana ne, Hausarsa ba ta da gyara, ya ja kalmar yadda ake jan ta. Sannan ya ɗaga hannu.

"Ya Ubangiji, ka ga abin da suke yi mana. Ka tashi! Ka ɗauki sandan nan naka. Ka farfasa su, su da garuruwansu, kada ka bar ko kasko. A cikin sunan Yesu!"

Ɗaki ya ɗauka da amin. Ni na buɗe baki, amin bai fito ba. Na rufe. Matan da ke kusa da ni suka waiwayo, don sun saba su jingina nasu a kan nawa. Babba ma ya buɗe ido ya dube ni daga can gaba. Ya maimaita, "A cikin sunan Yesu!" Na dubi ƙasa.

Da muka koma gida ko ruwa bai sha ba ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Inna, ina amin ɗinki?"

"Yana nan, ban yar ba."

"Kin kunyata ni gaban jama'a."

"Zauna." Ya ƙi. Na ce, "Garuruwan nan da ka ce a farfasa, Kabo na ciki?"

Ya ce, "Shi ya zaɓi inda zai tsaya."

"Na ji. To ka sani, tun kuna tsumma ban taɓa ba ɗayanku abin da ban ba ɗayan ba. In na ce amin sanda ya sauka a kansa, sai na roƙa maka irinsa. Kana so?"

"Wannan ai zancen Maguzanci ne, Inna."

"Ko na mene ne, ni na haife ku."

Ya ce mu je gaban Malam ya raba mu. Muka same shi a inuwar zaurensa da la'asar, yana ɓare gyaɗa da lalube. Babba ya faɗi nasa, kuma ba zan rage masa ba, ya faɗa da hawaye. Ya ce matarsa ba ta barci, surukarsa kullum tana zaune bakin hanya tana duban mota. Ya ce shi bai ƙirƙiro sandan ƙarfe ba, a rubuce yake. In ba za a roƙi Allah ya yi hukunci yanzu ba, sai yaushe?

Malam ya ajiye gyaɗar hannunsa. Ya ce, "A rubuce yake, ɗana, kuma gaskiya ne. Hukunci na zuwa, ba wanda zai zub da jini ya sha. Kukanka ma daidai ne, ka kai masa shi da zafinsa, ba ya son addu'ar da aka wanke mata fuska. Amma sandan a hannun wa yake?"

"A hannun Almasihu."

"To Sarki ne. Ana kai masa kuka, ba a aikensa. Kai ka ga wanda ya shiga fada ya ce wa sarki tashi ka je ka ƙone min ƙauye kaza?" Ya lalubo wata gyaɗar. "Masu bi na farko, da aka kama shugabanninsu aka yi musu kashedi, wannan wurin suka karanta, shi ɗin nan. Suka tuna wa kansu cewa duk abin da sarakuna suka ƙulla bai wuce abin da hannun Allah ya riga ya zana ba. Ka san abin da suka roƙa bayan haka? Ba su roƙi kan kowa ba. Cewa suka yi ya dubi barazanar, su kuma ya ba su ƙarfin hali kada su yi shiru. In ka tabbata yana kan gadonsa, ba ka bukatar ka nuna masa inda zai buga."

Babba ya ce, "To mu zauna a yanka mu?"

"Ban ce ba za a yanka mu ba. Shi kansa Almasihu an kashe shi, kuma a ranar ma shi ne Sarki. Ka kuma duba wurin da kyau. Kafin a ambaci sanda, an ce al'ummai abin gadonsa ne. Ku nan da kuna cikin waɗanda ba su san shi ba. Da wani ya roƙa a farfasa ƙauyen nan tun kafin in zo, da wa zan samu?"

Na ɗauka ya gama, har na fara gyara zama irin na wadda ta ci shari'a. Sai ya juyo wajen muryata.

"Ke kuma Uwargida, kada ki ji daɗi. Ke ma aikensa kike so ki yi, naki aiken dai na alheri ne. Shekara da shekaru kina gaya masa ranar da zai dawo miki da yaro da ƙofar da zai shigo. 'Ya'yan nan nasa ne kafin su zama naki."

Ba wanda ya taɓa yi min magana haka na ƙyale shi. Ranar na ƙyale. Muka taso ni da Babba, kowa da nasa ƙullin. Bai sake yin waccan addu'ar a coci ba. Amma bai ambaci ɗan'uwansa ba, kuma Ƙarami, da yake zuwa gaishe mu lokaci-lokaci, ƙafarsa ta ɗauke tun da aka fara wannan zance na Shari'a. Na ji an ce a can ma ba a bar shi ya huta ba, abokan cinikinsa na yi masa gorin ɗan arna.

Da kaka ta kama, dawa ta nuna ba a kai ga yanka ba, babansu ya kwanta. Ciwon bai daɗe ba. Ya cika da asuba, hannunsa cikin nawa. Da gari ya waye na ce wa Babba a aika Kabo.

Ya ce, "Ba zai zo ba. Malamansu ba za su bar shi ya tsaya kan kabarin Kirista ba. Ko ya zo ma, ba zai taɓa min uba ba."

Ya fita wajen maza. Na zauna gefen gawar, mata na ta shigowa. Na san in aka rufe mutumin nan ɗaya na nan ɗaya ba ya nan, shi ke nan, an raba su har abada, don abin da kabarin uba bai haɗa ba ba abin da zai haɗa shi. Na so in yi roƙo irin wanda na saba, in jera wa Allah yadda za a yi. Sai na ga ba ni da ƙarfin jerawa. Abin da na ce kaɗan ne. Na ce, "Kai ke riƙe da sarakunan duniya suna ta fizge-fizge ba su kuɓuce maka ba. Ga guda biyu nan. Ka san su." Ban ƙara ba.

Maƙwabcinmu, wani dattijo mai koyar da yara a Islamiyya, ya yi sallama daga bakin ƙofa yana min ta'aziyya. Na ce, "Malam, ɗana na Kabo bai ji ba." Ya ce, "Uba ai uba ne. Bari in hau babur." Iyakar aiken da na yi ke nan.

Maƙabartarmu tana kan tudu, ƙasar marmara ce, ga ruwa ya ɗauke. Maza suka yi ta sara tun hantsi, ramin bai kai gwiwa ba. A al'adarmu mata na zuwa, don haka ina zaune ƙarƙashin wata ɗorawa ina kallo. Babba na cikin ramin da diga, ya ƙi ba kowa, gumi ya jiƙe shi. Sai na ji maganar mutane ta ɗauke. Na ɗaga kai, ga Ƙarami yana hawowa tudun, farar riga, hula, ƙafa duk ƙura. Ya zo gabana ya durƙusa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya. Ka zo?"

"Na zo."

Ya tashi ya nufi ramin. Mutane suka dare masa. Ya tsaya a baki. Babba ya san wanda ke tsaye a kansa, bai ɗago ba, ya ci gaba da sara, diga na tashi da wuta a jikin dutse. Ni kuwa na riƙe bakin zanena, ban ce komai ba, ba ga su ba, ba ga Allah ba. Ƙarami ya cire hula ya ajiye, ya tuɓe riga ya ninke, ya naɗe ƙafar wando. Ya miƙa hannu.

"Kawo."

Babba ya sara, ya sake sarawa. Sannan ya tsaya yana haki, ya dubi hannun da aka miƙo masa.

"Da wannan hannun? Hannun awo? Ai sai ya yi maka kanta, ɗan birni."

"Kai dai kawo. Tun safe kana nan ko gwiwa ba ka kai ba."

Wani tsoho ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Babba ya juya digar, ya miƙa masa ta wajen ƙota, ya fito. Haka suka yi ta karɓa-karɓa, in wannan ya sara wancan ya kwashe, har ramin ya kai yadda ake so. Da aka kawo gawar, su biyu suka shiga suka karɓe ta suka kwantar. Da aka fara waƙa da addu'a, Ƙarami ya fito ya koma gefe ya tsaya shi kaɗai, hannu a baya, bai buɗe baki ba. Ba wanda ya ce masa don me. Da aka zo mai da ƙasa ya dawo.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Bai dawo coci ba, har yau da nake wannan magana yana sallarsa, ni kuma ina roƙona, sai dai na daina sa rana. Ƙanen matar Babba ba a gan shi ba. Tsoron shekarar nan ma bai tafi a yini ɗaya ba.

Da muka sauko gida, baƙi sun cika tsakar gida, na coci da na masallaci da dangina na gindin tsamiya, kowa ya ja gefensa. Aka jawo bunsurun da za a yi wa baƙi abinci. Babba ya shiga ɗakin babansu ya fito da wuƙa, ya tsaya yana wasa ta a bakin turmi, mutane na kallonsa. Ya gwada kaifinta a babban yatsa. Sannan ya ratsa tsakar gidan har inda ɗan'uwansa ke zaune, ya miƙa masa.

"Tashi ka yanka. In na yanka cewa za ka yi ba ka ci."

Ƙarami ya karɓa. Babba ya kama ƙafafun bunsurun ya danne masa.